Daga Darar Turawa Zuwa Xbox: Tarihin Makin Gwaninta

Mai buga wasa a intanet yakan danna maɓalli, cikin 'yan daƙiƙu kwamfuta ta haɗa shi da abokin karawa, galibi tsaransa. Dabarar da ke yin wannan zaɓi ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Arpad Elo ne ya kafa ta, haifaffen Hangari a 1903, malamin fiziks a Jami'ar Marquette ta Amurka, kuma gwanin ces, darar Turawa.

Tun 1950 ƙungiyar ces ta Amurka ke jera 'yan wasanta da tsarin Kenneth Harkness, wanda sakamakonsa kan saɓa wa hankali a wasu lokuta. Elo ya ɗauki maki a matsayin hasashe. Idan wani ya ɗara abokin karawarsa da maki 200, ana sa ran zai kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninsu. In ya ci, ɗan ƙari kawai zai samu, tunda abin da aka zata ke nan. In kuwa na ƙasa ya kayar da shi, sai a yanki maki mai tsoka daga nasa a miƙa wa wancan. Ƙungiyar Amurka ta karɓi tsarin a 1960, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta bi sahu a 1970.

Amma da sauran rina a kaba. Wanda ya buga wasa biyar da wanda ya buga dubu za su iya yin maki ɗaya, alhali ba a san su daidai ba. A 1995 masanin ƙididdiga Mark Glickman ya fito da Glicko, ya ƙara lamba ta biyu mai auna shakka. Shi ya sa makin sabon shiga ke tsalle sama da ƙasa, na tsohon hannu kuwa da ƙyar yake motsi. Dandalin ces na Lichess na amfani da sabon salonsa, Glicko-2, har yau.

Wasannin bidiyo sun zo da tasu matsalar: mutum huɗu sun kara da huɗu, wa ya jawo nasarar? Masu binciken Microsoft a Kambirij ta Ingila sun amsa da TrueSkill, wanda Xbox Live ya soma aiki da shi a 2005, yana ciro gwanintar kowa daga sakamakon ƙungiya.

Daga baya kamfanoni suka fara ɓoye lambar. A 2013 wasan League of Legends ya daina nuna makin Elo, ya kawo matakai irin su tagulla, azurfa da zinariya, ainihin makin da ake haɗa 'yan wasa da shi kuma yana can a ɓoye. A nan aka kauce wa hanyar Elo, domin ɗan ces na iya ɗaukar biro ya lissafa abin da zai samu ko ya rasa kafin ya zauna gaban allo. Ɗan wasan intanet ma ya cancanci ganin lambar da ake yi masa hukunci da ita.