Tallan kaya a gaban kyamara: yadda ake shiri da tsayuwar hoto, daga abin da na koya a Jos

Ni ɗan Jos ne, mahaifina fataucin shanu yake yi tsakanin Karar Bukuru da kasuwannin Kudu. Tun da na gama sakandare nake bin sa kara. Tallan kaya kuwa haɗuwa muka yi da shi: telan unguwarmu ya ɗinka manyan riguna na Sallah, ya rasa mai sa su a ɗauki hoto, ya ce in zo tunda ina da tsayi. Yau shekara huɗu ke nan. 'Yan uwa daga Agege da Sabon Ibadan da Lokpanta suna yawan tambayata yadda ake wannan aiki da ake kira modelin, shi ya sa na tattara abin da na sani wuri guda.

Mene ne aikin?

Tela ko mai shagon shadda yana ba ka kaya ka sa, mai hoto ya ɗauka, a ɗora a Instagram ko Facebook ko a tura ta WhatsApp don mai saye ya gani. A kara na fara gane sirrinsa. In dillali zai nuna sa, yakan juya shi yadda tozo da cinya za su fito, ba ya tare gaba da jikinsa. To haka nan ma: rigar ake sayarwa, ba kai ba. Wanda ya manta wannan, hotonsa zai yi kyau amma tela ba zai sake kiransa ba.

Me ya sa Jos?

Garin ya daɗe da sanin kyamara. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos take, tare da makarantarta ta koyon fim. Kwalejin talabijin ta NTA ma tana Rayfield. Don haka masu ɗaukar hoto da suka yi karatun abin ba sa wuyar samu. Ga kuma wurare: duwatsun Shere, dutsen Riyom, ruwan Assop a hanyar Hawan Kibo, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Babbar riga a jikin wannan jan bango, gani ya kori ji. Sai dai a nemi izinin ma'aikata tukuna, a kuma tambayi kuɗin shiga da kyamara.

Shiri kafin ranar

Ka gwada kayan kwana biyu kafin ɗauka, gaban tela. In wando ya yi tsayi ko wuya ya matse, a gyara tun lokacin.

Shadda a kai ta bugu ko guga, sannan a rataye ta. Kada ka sa ta daga gida ka hau Keke Napep, za ka isa duk ta yamutse. A wurin ɗauka ake sawa.

Aski kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don jan reza ya kwanta. A yanke farce, a goge takalmi har gefen ƙasansa. Hula a kai wanki da wuri.

Ka yi barci sosai. Ido ba ya ɓoye daren da aka yi ana kallon ƙwallo.

A jaka: mai na shafawa, hankici, ruwan sha, fil, ƙaramin madubi, da silifas na tafiya cikin dutse.

Lokaci da haske

Karona na farko mun isa Shere da ƙarfe goma sha biyun rana, da farar shadda. Wallahi ko hoto ɗaya ba mu tsira da shi ba. Idona a kanne, inuwar hula ta rufe min fuska, aikin wuyan rigar ya ɓace cikin haske. Ranar na biya kuɗin mota a banza.

Haske mai kyau sau biyu yake zuwa: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, sai bayan la'asar zuwa dab da magariba. Ranar da hadari ya lulluɓe sama ma tana da kyau, musamman ga fararen kaya. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, saboda haka a Disamba da Janairu sanyin safe yana sa mutum ya ƙanƙame kafaɗa, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi furu-furu. Man kaɗanya shi ne magani. Ku da kuke Legas ko Fatakwal matsalarku gumi ce: a sa singileti a ciki, a riƙa goge fuska, a fara da kaya masu haske kafin zufa ta taso.

Tsayuwa

Kada ka fuskanci kyamara sak kamar hoton katin zaɓe. Ka ɗan karkata jiki, nauyinka a kan ƙafar baya, ta gaba a sake. Kafaɗa ƙasa, baya a miƙe, haɓa ta ɗan fito gaba sannan ta sauka kaɗan.

Babbar riga tana son hoto uku. Na farko an naɗe hannayenta a kafaɗa daidai wa daida. Na biyu an ware hannu don a ga faɗinta. Na uku daga baya, saboda aikin da ke can. Aiki irin aska takwas ya fi yawa a gefen hagu wajen aljihu, don haka wannan gefen za ka ba haske. Kada hannunka ya rufe shi.

Kaftan kuwa tafiya take so. Ka tako a hankali wajen mai hoto, ya yi ta ɗauka. A fitar da waya da makulli daga aljihu, suna ɓata zubin riga. In za ka zauna, ka ja rigar ta baya tukuna, ka zauna a bakin kujera.

Hannu shi ne ke tona baƙo. Ka ba shi aiki: gyaran karin hula, taɓa maɓallin hannu, riƙe gefen riga. Ban da dunƙulewa. Fuska kuma a sake ta. Ka rufe ido, ka ja numfashi, ka buɗe lokacin da mai hoto ya ƙirga uku. Bayan kowace ɗauka ka canza abu ɗaya kawai, ko kai ko hannu ko ƙafa. Minti goma kullum gaban madubi ya ishe ka ka gane gefen fuskarka da ya fi.

Ga 'yan uwa mata

Masu tallan abaya, atamfa ko leshi: a yi lalle kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a kafe ɗankwali da mayafi da fil saboda iskar dutse. Ki je da sanin iyaye ko maigida, kuma da rakiya. Kayan da ba za ki iya shiga unguwarku da su ba, ki ce a'a tun farko. Hoto in ya hau intanet ba ya dawowa.

Ciniki

A nan na fi shan wuya. Wani mai shago ya ba ni kaftan ɗaya a matsayin lada, ya ce hoton na WhatsApp ne kawai. Bayan wata uku na ga fuskata a ƙaton allo bakin titi, ko sisi ban ƙara samu ba. Da na faɗa wa Baba, sai ya ce: "Kai da ka tashi a kara, ka taɓa ganin an saki igiyar sa ba a yanka kuɗi ba?"

Kafin ka sa riga, ku daddale abu huɗu a rubuce, ko da saƙon waya ne: nawa za a biya, kaya nawa za ka sa, ina za a yi amfani da hoton, kuma har tsawon wane lokaci. Ka karɓi rabi kafin a fara. Ka sani cewa a doka haƙƙin mallakar hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne, sai in an yi wata yarjejeniya, don haka ka roƙi izinin ɗora naka a shafinka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista kafin ya samo maka aiki, ko ya kira ka ɗakin otal kai kaɗai, ka rabu da shi.

Abu na ƙarshe: aikin nan na kaka ne. Yana tashi gab da Azumi da Sallah biyu da lokacin bukukuwa, sannan ya kwanta. Ni har gobe ranar kasuwa ina kara, kuma kuɗin shanu ne ke ciyar da ni. Mai sha'awa ya fara da telan unguwarsa, ya riƙe sana'arsa ta asali hannu biyu. Allah ya ba mu sa'a.