Giyar gwangwani da ta leda: bayaninta da hukuncinta

Abin da ake nufi da ita shi ne barasa mai ƙarfi, irin su jin da wiski da bodka da kuma bita, wadda aka raba da kwalbarta da aka sani aka zuba a ƙaramar leda irin ta ruwan sanyi, ko a gwangwani mai kama da na lemo. A da, mai son shan akfeteshi sai ya je mashaya, kowa ya gan shi ya shiga. (Akfeteshi ita ce barasar gida da ake tacewa daga bammi ko rake, Turawan mulki sun haramta ta, aka halatta ta a dokar Gana a 1962.) Yanzu kuwa daga Dichemso har Aboabo da Asawase, ana iya samunta a ƙaramin shago, kusa da biskit da sabulu.

Ƙarfinta ne mutane suka fi jahilta. Giyar kwalba da aka saba gani tana da barasa kimanin kashi 5 cikin 100, jin da wiski kuwa wajen kashi 40. Akwai wani gwangwani da ake kira Vody, haɗin bodka da sinadarin hana barci, mai kashi 18. Idan aka lissafa, gwangwani ɗaya mai mililita 250 yana ɗauke da zallar barasa mililita 45, alhali babbar kwalbar giya mai mililita 625 ba ta wuce 31 da 'yan kai ba. Ƙaramin ya fi babban ke nan. Ga zaƙi da ke ɓoye ɗaci, ga sinadarin da ke hana mai sha jin nauyin jiki, sai ya ɗauka yana cikin hayyacinsa ya ƙara, ko ya hau faragiya ya ɗauki fasinja. Saboda irin wannan haɗi ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni a Nuwamban 2010, ciki har da masu yin Four Loko, suka cire sinadarin.

Ƙasashen Afirka da dama sun tashi tsaye. Zambiya ta hana barasar leda a 2012, Tanzaniya a 2017, Yuganda a 2019. Kwaddibuwa ta dakatar da shigo da irin gwangwanayen nan a 2023. A Najeriya hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da kamfanoni a Disamban 2018 ta ba su shekara biyar, sannan a Fabrairun 2024 ta fara hana leda da kwalbar da ba ta kai mililita 200 ba. Kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata suka yi zanga-zanga cewa za a rasa ayyuka, har aka ɗage wa'adin. Hujjar hukumar ita ce araha da sauƙin ɓoyewa sun kai barasa aljihun 'yan makaranta, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi. A nan Gana hukumar FDA ta hana fitattun mutane tallan giya tun 2015, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a Yunin 2024. Doka kuma ba ta yarda a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, sai dai wa ke tambayar shekarun yaron da aka aika shago?

A shari'a hukunci yana bin abin da ke ciki ne, mazubi ba ya sauya shi. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta yi umarni da nisantar giya. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Zango ke bi, tana ɗaukar duk abin sha mai sa maye a matsayin giya, ko daga me aka yi shi, kuma kaɗan ɗinsa haramun ne kamar yawansa. Don haka cewa "ai leda ɗaya ce" ba uzuri ba ne. Haka ma kiran ta bita, ko maganin basir, ko maganin ƙarfin maza: jiƙa saiwoyi cikin barasa ba ya tsarkake ta. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da Annabi (SAW) ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su sha giya suna sauya mata suna.

Tambayar da ta fi yawa daga masu shago take zuwa. Hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito ya ƙirga mutum goma da la'ana ta hau kansu game da giya, ciki har da mai sayarwa, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. Wanda dillali ya haɗo masa katan ɗinta cikin kayan lemo, kada ya sayar ko da ga wanda ba Musulmi ba. Ya ƙi karɓa tun a wurin sauke kaya. Wanda ya sha bisa rashin sani, yana zaton lemo ne, babu zunubi a kansa, sai dai ya jinkirta salla har hankalinsa ya dawo. Hanyar ganewa ita ce a duba jikin gwangwanin: in an ga lamba da alamar kaso tare da rubutun "alc" ko "vol", to barasa ce, ko da hoton abarba ne a gabansa. Wallahu a'alam.