Maginan da Suka Kafa Sansani a Kurewar Kudancin Duniya

Tun bayan Roald Amundsen a 1911 da Robert Scott a 1912, ba wanda ya ƙara taka tsakiyar kurewar kudancin duniya sai ranar 31 ga Oktoban 1956, da jirgin sojan ruwan Amurka ya sauke Admiral George Dufek. To, amma leƙawa daban, zama daban. Masana kimiyya na son shafe shekarar 1957 a can, dole a yi musu matsuguni.

Aikin ya hau kan rundunar magina ta sojan ruwa da ake kira Seabees: kafintoci, makanikai, masu walda da direbobin katafila. Tun ba a je ko'ina ba suka yi rashi. Ranar 6 ga Janairun 1956 ƙanƙarar teku ta dare a ƙarƙashin katafilar ɗaya daga cikinsu, Richard Williams, kusa da McMurdo, sansaninsu na bakin teku, ta nutse da shi.

Ranar 20 ga Nuwamban 1956 aka sauke shugaban maginan, Laftanar Richard Bowers, da 'yan mutanensa da karnukan jan kaya. Fili ne fari fat, ba dutse, ba tudu, ba wata alama. Sai da Bowers ya kafa na'urar awo ya yi ta bin tafiyar rana, wadda ba ta faɗuwa a wannan lokaci na shekara, sannan ya gane an ajiye su kimanin mil takwas daga inda suke nema. Suka ɗaura kaya suka ƙarasa.

Komai daga sama ya zo: katako, gangunan mai, abinci. Manyan jirage ke sako su da laima. Idan laimar ta ƙi buɗewa, kayan su lume cikin dusar ƙanƙara sai an haƙo. Idan iska ta taso, ta ja su a guje a bi su da ƙafa. Ga wurin a tsayin da ya kai mita 2,800, ɗaga guduma kaɗan mutum ya kama haki. Duk da haka, a farkon Janairun 1957 an gama.

An raɗa wa sansanin sunan Amundsen da Scott, sun kuma cancanta. Sai dai a ganina an tauye maginan nan, domin aikin hannunsu ne ya raya mutum 18 cikin duhun wata shida, a sanyin da ya kai digiri 74 ƙasa da sifili. Ginin ya yi aiki har 1975, lokacin da dusar ƙanƙara ta binne shi aka koma sabo.