Jiragen Yaƙi Da Suka Ratsa Ƙasar Hausa

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku suka sauka Kano daga Masar. Su ne na fari da suka sauka Nijeriya. Shugaban matuƙan wani hafsa ne, sunansa Arthur Coningham.

Da Italiya ta shiga Yaƙin Hitila a 1940, sai Bahar Rum ta zama da haɗari ga Ingilishi, ga shi kuwa mayaƙansu na Masar suna matuƙar bukatar jirage. Sai aka tuna da hanyar nan ta Coningham. Akan ɗauko jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su, su tashi zuwa Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Hartum, har Masar, tafiyar fiye da mil 3,500. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba, 1940. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Tsakanin Kano da Maiduguri sukan ƙetare kogin Haɗejiya, su wuce ta kudu da garin, zamanin Sarkin Haɗejiya Usman.

Cikinsu akwai ƙananan jirage masu matuƙi ɗaya, Hurricane da Kittyhawk. Asali don yaƙar jiragen abokan gaba aka ƙera su, amma a hamada sai aka ba su wani aiki. Sukan yi ƙasa-ƙasa kamar shirwa, su zuba wa motocin Jamus harsashi da bom. Har aka ɗaura wa wani irin Hurricane igwa biyu don fasa tankoki. Wanda ya shugabanci rundunarsu daga 1941 kuwa, Coningham ɗin nan ne dai.

Bayan yaƙi aka narke yawancinsu, 'yan kaɗan suka tsira. Akwai su a gidan tarihin mayaƙan sama na Hendon a Landan. A 2012 kuma aka tsinci wani Kittyhawk cikin hamadar Masar, shekara 70 bayan faɗuwarsa, aka kai shi gidan tarihi na El Alamein.

Ajiye jirgi da sauƙi, amma hanyar da ya bi ba ta shiga ɗakin ajiya. Sai mutanen da ta ratsa ƙasarsu sun riƙe labarinta, sun gaya wa 'ya'yansu, in ba haka ba ta ɓace.