Yadda Aka Fara Jefar da Tabaran Ƙwayar Ido

Mai sa tabarau mai laushi, irin wanda ake ɗorawa kai tsaye a kan ƙwayar ido, yau yakan buɗe sabo da safe ya jefar da dare, ko ya canja bayan mako biyu ko wata guda. Shekaru hamsin da suka wuce, wannan almubazzaranci ne: ƙwaya biyu ake saya da tsada, a yi ta lallaɓa su shekara ko fiye. A ganina, sauƙin da ido ya samu da kuma wankewar gani sun fi samuwa daga gajarta kwanakin da abin ke yi a ido, fiye da sabon sinadarin da ake ƙera shi da shi.

Tabaran ƙwayar ido na farko, wanda likitan ido Adolf Fick ya gwada a Zurich a 1888, na gilashi ne, ido ba ya jure masa sai 'yan sa'o'i. Na roba mai tauri da Kevin Tuohy ya fito da shi a Amurka a 1948 ya fi ƙanƙanta, amma ba ya barin iskar oksijin ta ratsa. Laushi ya zo ne daga birnin Prague, inda masana sinadarai Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka haɗa wata roba mai shan ruwa, suka bayyana ta a mujallar Nature a 1960. A Kirsimetin 1961 Wichterle ya ƙera na farko a gidansa, da na'urar da ya harhaɗa daga kayan wasan yara da dainamon keke. A 1971 hukumar FDA ta Amurka ta amince wa kamfanin Bausch & Lomb ya sayar da shi.

Sai dai shan ruwan da ya sa shi laushi shi ne ya zame masa aibi. Kamar soso, ba ya zaɓen abin da zai sha. Hawaye na ɗauke da furotin da maiƙo da gishiri, kuma duk suna taruwa a jikinsa a hankali, har gani ya koma dishi-dishi, fatar ido ta riƙa gogar abu mai kaushi duk ƙiftawa. Hanyoyin tsaftacewar zamanin ma ƙara dagula lamarin suka yi: dafawa da zafi tana ƙara manne furotin ɗin, sinadarin thiomersal da ake sa wa ruwan jiƙawa kuma yana sa idon mutane da yawa ja da ƙaiƙayi. A 1974 wani likita a Ostareliya, Thomas Spring, ya bayyana wasu ƙuraje da ke fitowa a cikin fatar ido ta sama ga masu sa shi. Tun daga nan an gane cewa tsohon tabarau ne ke tsokanar ido, amma ba wanda zai iya cewa a jefar da abin da aka ƙera ɗaya bayan ɗaya da tsada.

Masana'anta ce ta warware matsalar. A farkon shekarun 1980 wani likitan ido ɗan Denmark, Michael Bay, ya fito da Danalens, na farko da aka yi don a jefar. Kamfanin Johnson & Johnson ya sayi fasahar, ya gyara yadda ake zuba robar a ma'auni ta yadda dubbai za su fito iri ɗaya da araha, sannan ya fitar da Acuvue a 1987. Wannan daidaiton yana da muhimmanci ga gani, domin canji akai-akai ba shi da amfani in sabon bai yi daidai da wanda aka jefar ba. A tsakiyar shekarun 1990 na kwana ɗaya suka fito, daga kamfanin da Ron Hamilton ya kafa a Sikotilan da kuma Johnson & Johnson.

Wani zai ce dabarar 'yan kasuwa ce kawai, a mai da mai saye sau ɗaya a shekara mai saye kullum. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ga kuma tulin robar da ake zubarwa. Amma riba ba ta ƙaryata amfani. Mai na kwana ɗaya ba ya buƙatar akwatin ajiya, wanda nan ne ƙwayoyin cuta suka fi taruwa, ba ya kuma buƙatar ruwan jiƙawa. A 2006 an janye ruwan ReNu with MoistureLoc daga kasuwa saboda alaƙarsa da cutar ƙwayar Fusarium, a 2007 kuma Complete MoisturePlus saboda cutar ƙwayar Acanthamoeba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa sinadari ne ya kawo ci gaban, suna nuni da robar da aka haɗa da silikon, wadda ta shigo kasuwa wajen 1999. Lallai ta magance ƙarancin oksijin, jan ido da kumburin tantanin gabansa suka ragu. Amma na farkon sun fi tauri, suna kama maiƙo, kuma bincike bai nuna sun fi na da daɗin sawa ba. Ba su kuma kawar da haɗarin kwana da tabarau ba. Binciken da aka buga a 1989 ya gano gyambon ido ga kusan mutum 4 cikin 10,000 a shekara a masu cirewa da dare, da kusan 21 a masu kwana da shi, kuma binciken da aka yi a Ostareliya a 2008 ya samu adadi makamancin haka duk da sabon sinadarin. Canji akai-akai ma yana da iyakarsa, domin bushewar ido da yamma har yanzu ita ce babban abin da ke sa mutane komawa tabaran firam. Su kansu masu ƙera na silikon daga baya sun fara yin na kwana ɗaya.