Gudu, Ƙaura da Hijira: Aikatan Barin Gari a Tarihin Abuja

Gabatarwa

Hausa tana da aikatau da dama masu nuna barin wuri cikin hanzari. Maƙalar nan za ta dubi bambancinsu ta fuskar tarihin Abuja, domin a tarihi zaɓen kalma hukunci ne a kan wanda ya tafi.

Bambancin Ma'ana

Gudu yana nuna tsoron wani abu da ya biyo baya. Tsere yana ƙara ma'anar tsira, wato mai bi bai cim ma wanda ya bi ba. Arce da fece na maganar yau da kullum ne, kuma akwai raini a cikinsu, shi ya sa aka fi jin su a kan ɓarawo ko wanda ake bi bashi. Sulale kuwa tafiya ce a ɓoye. Waɗannan huɗu duka suna aji na huɗu a tsarin Parsons na 1960, ajin da ke nuna cikar aiki. Ƙaura ba ta ɗauke da zargi, hijira kuma daraja take bayarwa.

Shaidar Tarihi

A 1804 Shehu Usmanu ya bar Ɗegel, aka kira tafiyarsa hijira. 'Yan shekaru bayan haka mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarki Muhammadu Makau ya nufi Zuba da jama'arsa. Wanda ya ce Makau ya gudu ya ɗauki ɓangaren waɗanda suka ci garin. Wanda ya ce ƙaura ya yi yana nufin sarautar ba ta faɗi ba, kuma yana da hujja: ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, magadansa suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Zazzau.

Bayan dokar 1976 sabon birnin tarayya ya karɓi sunan, tsohon garin ya zama Suleja. A ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta ƙaura daga Legas. Gwarawan da aka gina birnin a gonakinsu ba a cewa sun gudu ko sun ƙaura: tashinsu aka yi, aikatau ɗin ma ya mai da su karɓau.

Kammalawa

Saboda haka ya kamata masu ƙamus da masu fassara su riƙa bayyana, tare da ma'anar kowane aikatau, daga bakin wa ya saba fitowa.