Daga Bugu 174 Zuwa 140: Tarihin Makaɗan Da Suka Sauya Sheƙa Zuwa Dubstep

 Yau Landan za mu leƙa, mu duba yadda wasu masu haɗa kiɗa da na'ura suka bar salon da suka yi suna a kansa, suka koma wani sabo, da kuma abin da zuwansu ya haifar wa gidan da ya karɓe su.

Mu fara da gidan da suka baro. A farkon shekarun 1990, matasan Landan, da yawansu jikokin mutanen Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya, suka ƙirƙiro wani kiɗa da ake kira jungle. Sukan yanko bugun ganga daga tsofaffin faya-fayai, su ƙara masa gudu, su shimfiɗa masa sauti mai kauri a ƙasa, irin wanda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin kunnensa. Wannan sautin shi ne bes, mu kuma za mu kira shi gurnani. Yankin da aka fi ɗauka shi ne wani bugun ganga na 'yan daƙiƙoƙi daga faifan "Amen, Brother" na ƙungiyar The Winstons, wanda ya fito a 1969. Daga jungle aka samu drum and bass, ma'ana ganga da gurnani, mai gudun bugu kusan 174 a minti ɗaya. Goldie ya fitar da kundinsa Timeless a 1995, sannan a 1997 Roni Size da ƙungiyarsa ta Reprazent daga Bristol suka ci kyautar Mercury da kundin New Forms.

To amma da tafiya ta yi tafiya, sai ɗakin ya cika. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 an shiga gasar wa ya fi ƙara, wa ya fi tsanani. Kundin Hold Your Colour na Pendulum, 'yan Ostareliya, wanda ya fito a 2005, ya kai salon kusa da kiɗan rock, ya kuma jawo ɗimbin sababbin masu saurare. Ga wasu makaɗan wannan nasara ce. Ga wasu kuwa ƙunci ne, domin babu sauran wurin numfashi tsakanin bugu da bugu.

A daidai lokacin wani abu yana tsirowa a kudancin Landan. A Croydon akwai shagon faya-fayai na Big Apple, inda samari irin su Hatcha da Skream da Benga suke taruwa. Asalin kiɗansu daga garage na Birtaniya yake, sai suka rage masa waƙa, suka ƙara masa duhu da gurnani irin na dub ɗin Jamaika. Daren rawa na FWD ya fara a 2001, gidan rediyon Rinse FM, wanda ba shi da lasisi a lokacin, ya riƙa watsa sautin, sannan a 2005 Mala da Coki da Loefah suka buɗe daren DMZ a Brixton. A Janairun 2006 Mary Anne Hobbs ta gabatar da shirin Dubstep Warz a BBC Radio 1, daga nan duniya ta ji labari.

Bambancin da ke tsakanin salon biyu ya wuce lissafin 174 da 140. A drum and bass, ganga mai kaifin sauti tana faɗowa sau biyu a kowane zagaye na bugu huɗu, a kan na biyu da na huɗu. A yawancin dubstep sau ɗaya take faɗowa, a kan na uku. Saboda haka kunne yakan ji kamar gudun 70 ne kacal, sai a samu fili mai faɗi wanda gurnani zai yi yawo a cikinsa. Wannan filin shi ne dukiyar dubstep, kuma a kansa ne duk labarin ya ta'allaƙa.

Waɗanda suka tsallako sun kasu gida biyu. Kashi na farko filin suka zo nema. Martyn, ɗan ƙasar Holan, da drum and bass ya fara, ya sauko zuwa 140, ya fitar da kundin Great Lengths a 2009 a kamfaninsa na 3024. Su Kryptic Minds sun shafe shekaru a wancan gidan kafin su fitar da One of Us a 2009 ƙarƙashin Swamp 81, kamfanin Loefah, kundi mai duhu da tsimin sauti. Breakage, wanda aka sani da gwaninta wajen sarrafa bugun Amen, ya fitar da Foundation a 2010, har da Burial a ciki. Waɗannan sun shigo da sallama, suka koyi ladabin gidan.

Kashi na biyu kuwa da kayan aikinsu suka shigo gaba ɗaya. Shekarun gasar ƙara sun koya musu yadda ake murɗa gurnani ya yi kaifi, ya hau sama inda ko ƙaramar sifika ta kwamfuta za ta iya fitar da shi. Chase & Status sun saka "Eastern Jam" a kundinsu na 2008, More Than Alot, har Snoop Dogg ya hau kan kiɗan a 2009. Nero, waɗanda su ma da drum and bass suka fara, sun shiga kamfanin MTA na su Chase & Status, kuma a Agustan 2011 waƙarsu "Promises" da kundinsu Welcome Reality duka suka hau mataki na ɗaya a jadawalin Birtaniya. Spor ya ɗauki sabon suna Feed Me. Mutum biyu daga Pendulum, Rob Swire da Gareth McGrillen, suka kafa Knife Party a 2011. A Amurka kuma Skrillex ya ɗauki irin wannan sauti mai kaifi ya kai shi manyan filaye, ya kwashe kyautar Grammy uku a 2012.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma waɗannan baƙi ba su bushe da hantsi ba. Cikin 'yan shekaru ma'anar kalmar dubstep ta canza a kunnen duniya. Filin da aka zo nema aka cike shi da ƙara, wato cutar da aka gudo wa ita ta biyo sahu. Ba za mu ɗora wa baƙin laifin duka ba, domin cikin 'yan gida ma akwai masu son ƙarar, irin su Rusko da Caspa. Sai dai sakamakon a bayyane yake: Loefah ya karkatar da Swamp 81 zuwa wasu salo, Mala ya tafi Kyuba ya dawo da kundin Mala in Cuba a 2012, Skream kuma ya koma kiɗan house da disko.

Idan muna son ganin tarihin nan a dunƙule, mu dubi ƙungiyar Bad Company, wadda ta girgiza drum and bass a ƙarshen shekarun 1990. DJ Fresh da dBridge duk 'yan cikinta ne. Fresh ya tsallaka, a Yulin 2011 waƙarsa "Louder" ta zama dubstep na farko da ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Bai zauna ba, a Fabrairun 2012 ya koma tsohon gida ya maimaita hakan da "Hot Right Now" tare da Rita Ora, drum and bass na farko da ya taka wannan mataki. Shi kuwa dBridge bai sauya gudu ba. Shi da Instra:mental suka fara shirin Autonomic a 2009, suka ɗauko tsarin barin fili suka dasa shi a kan gudun 170. Ɗaya ya kai ƙarar gidansu gidan maƙwabta, ɗaya ya aro shirun maƙwabta ya kawo gida.

An ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tarihin nan ya nuna mana cewa wani lokaci mai rawar ne yake canza kiɗan da ya tarar, gwargwadon abin da ya riƙo a hannunsa. Wanda bai taɓa jin salon nan ba, ya saurari "Midnight Request Line" na Skream na 2005, sannan ya bi shi da "Promises". Shekara shida ce kawai a tsakaninsu, kunne zai gaya masa sauran.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.